Amsa ga mai tambaya daga Daura: a ina Babbar Kotun Tarayya ke zama?

Wa'alaikumus salam. Malam, ka ce an gurfanar da ƙanenka a Babbar Kotun Tarayya ta Katsina kan kayan da aka kama a Kwangwalam, kan iyakar Nijar, kana son sanin ko za a iya maido shari'ar Daura, kuma wani da ya ce shi mataimakin alƙali ne ya yi maka alkawarin sa baki. Na daɗe ina akawu a ofishin lauya nan Katsina, ga abin da na gani.

Kotun nan guda ɗaya ce a duk Najeriya, rassa kawai gare ta. An kafa ta a 1973 don shari'un kuɗin shigar tarayya, a 1979 ta sami sunanta na yanzu. Sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata harkar kwastan, shi ya sa aka nufo da ƙanenka nan. Babban Alƙalinta da ke Abuja shi ke yanka ƙasa shiyya-shiyya yana tura alƙalai, Daura kuwa tana ƙarƙashin reshen Katsina.

Ba wai an ɗaure ta da gini ba ne. A 2017 alƙalanta sun tafi har barikin soja na Kainji sun saurari shari'un waɗanda ake tuhuma da Boko Haram, lokacin korona kuma an yi zama ta intanet. Amma wannan tsarin shugabannin kotu ne, nisan gida kaɗai da wuya ya sa a ɗage maka zama.

Maganar mataimakin nan ce ta fi damuna. Ma'aikatan kotun, Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Tarayya ke ɗaukarsu. Mai taimaka wa alƙali da bincike aikinsa tono tsofaffin hukunce-hukunce ne a ofis, ba ya yanke komai, ba kuma ya tare mutane a bakin ƙofa. Na taɓa ganin wani dattijo da ya sayar da raguna biyu ya damƙa wa wani mai kwat kuɗin a gindin dalbejiya, ko rasit babu. Ranar zama muka yi ta buga lambar wayar mai kwat ɗin, a kashe. Har yau ina tuna yadda dattijon ya cire hularsa yana fifita da ita, ga sanyin hunturu.

Ka je wurin rajistara da kanka ka karɓi lambar ƙara da ranar zama, batun beli ka bar wa lauyanku. Ku taso daga Daura da an sallame asuba, ƙarfe 9 ake fara kiran ƙararraki. Allah Ya kuɓutar da shi.