Ga ɗan uwan da ake roƙo ya yafe jinin yayansa

Assalamu alaikum. Ɗan uwa, Allah Ya jiƙan yayanka, Ya raya abin da ya bari. Ka ce maƙwabcinshi na gona ne ya sare shi a kan rigimar iyaka, mutumin yana tsare, dattawa suna ta sintiri gidanku a kan ku yafe ku karɓi diyya, kai kuma kana ganin in ka yarda ka ci amanar mamaci. Na ga masu ce maka kada ka saurara, a rataye shi kawai. Akasarinsu ba su taɓa wanke gawar ɗan uwansu da rauni a jiki ba. Ni na wanke, kuma shawarata ita ce ka yafe.

Ƙanina abokinshi ne ya kashe shi, a kan cikon kuɗin waya. Tare suka tashi a unguwarmu nan cikin birnin Katsina, kwano ɗaya suke ci. Cacar baki ce ta kai ga wuƙa. Ko da na isa asibiti an lulluɓe shi da zanen wata mata da ban ma san ta ba, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Aka miƙo mani wayarshi, tana ta ƙara a hannuna, Inna ce ke kira don ta ji ko zai biyo ya ɗauki tuwonshi. Na kasa ɗauka, na kasa kashewa. A daren nan da an ba ni yaron, da hannuna zan gama da shi, kuma na daɗe a haka. Duk zaman kotu ina can, a ɗage, in dawo gida kai na sarawa.

Inna ce ta fara saukowa. Uwar yaron ta ƙofar gidanmu take bi in za ta kai mashi abinci gidan yari, da kwanon samira ƙulle a tsohon kallabi, kanta a ƙasa, ba ta iya ko sallama. Wata maƙwabciya ta gaya wa Inna cewa sai gandiroba ya sa ta ɗanɗana abincin a gabanshi kafin a shigar. Ran nan Inna ta aika aka kira ta, suka shiga ɗaki suka yi kukansu. Da ta fito ta ce mana ita dai ba za a ƙara wa wata uwa irin ciwon da take ji da sunan ɗanta ba.

To a nan ne Baffanmu ya nuna mana halinshi, kuma wallahi har yau abin na ci mani rai fiye da komai. Mutumin da bai taɓa taka ƙafa kotu ba, bai taɓa kawo ko mudun gero wa marayu ba, shi ne ya tashi a zaure gaban baƙi ya ce mun sayar da jinin ɗan ƙaninshi, wai talauci ya sa mun mai da gawa haja. Inna na tsakar gida tana ji. Ya bi dangi gida-gida har Batagarawa yana ɓata mu, matanshi suka daina zuwa mana biki da suna. Amma ranar da aka kawo kashin farko na kuɗin, tun kafin a idar da addu'a ya aiko ɗanshi a tambayi rabonshi! Ka shirya, kowane gida akwai irinshi. Diyya gado ce, ta magada ce, matar mamaci da ɗiyanshi da iyayenshi. Kada ka bari wani mai babbar riga ya sa mata hannu.

Kada kuma wani ya ce na musanta ƙisasi. Yana nan a Baƙara aya ta 178, amma a cikin ayar ne Allah Ya ambaci wanda aka yi wa rangwame, Ya kira mai haƙƙin jinin ɗan uwanshi, Ya ce sassauci ne da rahama. A Shura aya ta 40 Ya ce wanda ya yafe ya gyara, ladarshi na wurin Allah. Malaminmu ya karanta mana cewa a Malikiyya ko an yafe wa mai kisan ganganci, akwai bulala 100 da ɗaurin shekara, kisan gilla ne ba a yafewa. Ku kai wa malami masani ya duba maku wane iri ne naku. Kuma yafiya ba dole ba ce ka so mutum. Wahshi da ya kashe Sayyidina Hamza ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓe shi, amma ya nemi ya riƙa kau da fuskarshi daga gare shi. Ni ma sharaɗin da na kafa ke nan, yaron ya bar mana unguwa.

Ni dai yanzu ba na goyon bayan hukuncin kisa a ƙasar nan, ko a kan wa. Na zauna kotu na ga waɗanda ake kawowa: talakawa ne, wani ko lauyanshi bai sani ba sai ranar, wani yana rantsuwa duka ya sha ya amsa laifi. Alƙali mutum ne. Ka tuna Amina Lawal, kotun Bakori ta yanke mata jifa a 2002, ta Funtua ta tabbatar, sai a Satumbar 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a nan Katsina ta soke. Da an yi gaggawa fa? Sannan ko an yanke, sai gwamna ya sa hannu, su kuwa gudun abin suke. Sani Yakubu Rodi da aka yanke wa hukunci a nan aka rataye a Kaduna a Janairun 2002, bayan shi sau nawa ka ji? Na ƙarshe da aka sani a Edo ne, 2013 da 2016. Mutum sama da 3,000 ke jiran igiya a gidajen yari. Wato za ku ƙare ba ƙisasin, ba diyyar, marayu na zaune, ku kuna kashe kuɗin mota. Masu kawo maganar 'yan bindiga, wannan daban, ba wanda ya ce a sake su. A ɗaure su har mutuwa.

Abu ɗaya da ba a gaya mana da wuri ba: in shari'ar na Babbar Kotu ce, gwamnati ce mai ƙara, yafiyarku kaɗai ba ta rufe ta. Sai lauya ya rubuta wa Kwamishinan Shari'a, in kuma an riga an yanke hukunci, sai ta hanyar afuwar gwamna. Duk abin da kuka daidaita a rubuta, da mai unguwa da liman da shaidu, a sa lokacin biyan kowane kashi, don mu na ƙarshen sai da muka yi ta bi. Raƙumi 100 na cikakkiyar diyya ba wanda zai iya, ku karɓi abin da za su iya, ko gonar ce. A kuma kira dagaci a kafa iyakar nan da duwatsu tun kafin damina, kada yara su taso su gaji rigimar.

Matar marigayin fa, wani ya tambaye ta abin da take so? Ba ka ambace ta ba ko sau ɗaya, alhali ita ke cikin takaba da yaran. Ka sa mahaifiyarku ko wata babbar yaya ta zauna da ita kafin dattawan su dawo.