Amsa ga Malamar da bakinta ya yi nauyi wajen rera taken ƙasa

Wa alaikumus salam Malama. Kin ce kuna bin albashin watanni, ga shi ke ake sawa ki tsayar da yara a asambuli su rera taken ƙasa, har bakinki ya fara nauyi, kina tambaya ko butulci ne. Wallahi ba butulci ba ne 'yar'uwa, ciwo ne, kuma na san shi ciki da bai.

Babanmu hedimasta ne, a bin garatuti ya ƙare rayuwarsa. Ni nake raka shi ofishin, don ciwon suga ya riga ya kumbura masa ƙafafu. Akwai wani ma'aikaci a wurin, Baba ya haife shi ya haifi yayansa, amma sai ya bar tsoho a kan benci tun hantsi har la'asar yana ta danna waya. Sama da kansa ga tambarin Najeriya a bango, dawakai biyu farare da mikiya, a kan teburinsa kuma ga 'yar ƙaramar tuta. Kullum magana ɗaya ce, "Baba, fayil ɗinku bai sauko ba, sai dai in za a ɗan taimaka masa ya sauko." Ranar da ba na mantawa, na leƙa na ga sunan Baba ɓaro-ɓaro a jikin fayil ɗin da ya danne da gindin tutar nan don kada fanka ta watsa masa takardu. Na nuna, ya ce in fita ko ya kira maigadi. Baba ya cire hula yana ba shi haƙuri. Hedimasta guda fa! Kuɗin ba su fito ba sai bayan rasuwarsa. Ni dai ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da mutumin nan, kada ma wani a nan ya zo min da wa'azi.

Na daɗe ko kore da fari na gani sai gabana ya faɗi. Abin da ya sanyaya min zuciya shi ne gane cewa tutar ba ta mutumin nan ba ce, aro ya yi ya ajiye a tebur. Wanda ya zana ta ma, Taiwo Akinkunmi, yana ɗalibi a Landan ya yi aikin a 1959, aka ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba 1960, amma sai 2014 aka ba shi lambar girma ta ƙasa. Ya rasu a Agustan 2023, sai da aka shekara kafin a binne shi. Kin ga har mai tutar yana layin masu jira.

Saboda haka ki tsaya da yaranki ki rera, don su, ba don masu riƙe miki albashi ba. Sashe na 24 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa girmama tuta da take, kuma "kowane" ya haɗa da su, sun ma fi ki saɓa masa. Tunda aka dawo da tsohon taken a Mayun 2024, yara haddar aku kawai suke yi, manya ma yawanci motsa baki suke. Ki rubuta shi a allo, ki fassara musu da Hausa. In tutar makarantarku ta yage ko ta koɗe, ki sa a sauke ta, barinta a haka ya fi rashinta muni.

Ki tuna ɗalibanmu da yaƙi ya rutsa da su a Khartum a Afrilun 2023. Duk da wahalar da suka sha a hanyar Masar, koren fasfon nan ne ya sa aka nemi sunayensu aka kwaso su. Godiyata ga ƙasa ba ta wuce irin wannan ba, kuma ba ta hana ni zagin azzalumi.

Hakkinki kuwa kada ki yi sanyi, ku bi ta ƙungiyarku, ku je a tare, mutum ɗaya shi ake wulaƙantawa. Kuma don Allah tun yanzu ki yi kwafin takardar ɗaukarki aiki da duk ta ƙarin girma, ki ɓoye na asali a gida, kada ki miƙa wa kowa komai daɗin bakinsa.