Yadda na wanke sunana daga tabon bashi da kaina

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce banki ya hana ka rance saboda wani tsohon bashi da ka ci ta manhajar waya, kuma wani ya yi maka alkawarin goge sunanka daga jerin masu taurin bashi idan ka ba shi wani abu. Don Allah kada ka ba shi ko sisi, domin abin da ya ce zai yi ba ya hannunsa, wanda kuwa ake iya yi, kai ma za ka iya da ƙafarka.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma irin wannan ta same ni lokacin da na je neman ƙarin jari domin sarin shadda gabanin Sallah. Ma'aikaciyar bankin ta duba kwamfuta, ta ɗago kai ta ce sunana yana da tabo, na fito ina gumi ba tare da na san laifina ba. Ashe ragowar wani ƙaramin rance ne da na zaci na gama biya, kuɗin ruwa da tarar jinkiri suka yi ta hawa kansa ina nan ban sani ba.

Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin adana tarihin bashin jama'a, wato CRC Credit Bureau da FirstCentral da CreditRegistry, kuma masu ba da rance ne suke aika musu da bayanai. Tun da aka kawo lambar BVN a 2014, sauya layin waya ko komawa wani banki ba ya ɓoye mutum, sannan daga watan Agustan 2020 akwai tsarin GSI da ya ba banki damar cire kuɗinsa daga asusunka na wani bankin idan ka ƙi biya. Waɗannan kamfanoni ba su da ikon share bashin gaskiya, sai wanda ya ba ka rancen ya sanar da su cewa ka biya, shi ya sa na ce mutumin nan naka yaudararka zai yi.

Dokar da aka yi a 2017 ta ba ka haƙƙin karɓar rahoton tarihin bashinka kyauta sau ɗaya a shekara, da haƙƙin ƙalubalantar duk kuskuren da ke ciki. Ka nemi na kamfanonin uku, domin abin da ke wajen wannan ba lallai ne ya kasance wajen wancan ba. Ni da na buga nawa a takarda, na zauna a shago bayan La'asar da biro ina bin sa layi-layi, sai na ga abu biyu: bashin da ake bina da gaske, da kuma wani da na biya tuntuni amma har lokacin yana nan a buɗe.

Na farkon ne ya fi cin lokaci. Na je reshen da kaina, na nemi a fitar mini da lissafi dalla-dalla, uwar kuɗi daban, tara daban, sannan na roƙi sassauci, aka yafe mini wani ɓangare na tarar. A nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami, domin sukan yarda da maganar baka. Ka dage a rubuta maka yarjejeniyar a takardar bankin, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarce mu game da bashi, ka biya ta asusun bankin ba ta hannun wani ma'aikaci ba, kuma kada ka bar maganar sai an ba ka takardar shaidar cewa ba a binka komai. Bayan haka ma sai da na koma sau biyu kafin su aika wa kamfanonin da gyaran.

Na biyun kuwa, rasit ɗin ne ya cece ni, wanda na tsinta a cikin tsohon littafin ciniki duk ya koɗe. Na haɗa kwafinsa da wasiƙar ƙorafi, na sa aka buga mini hatimin karɓa a kan nawa kwafin. Idan aka yi biris da kai, akwai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa a Babban Banki, idan kuma masu manhajar suna kiran danginka suna tozarta ka, hukumar FCCPC, mai kare haƙƙin masu saye, ita ce ke sauraron irin wannan ƙara.

Ka sani cewa biyan ba ya share tarihin nan take, zai dai nuna ka biya, kuma jinkirin zai ci gaba da bayyana na wasu shekaru. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa ma suna duba wannan rahoto kafin su saya maka kaya. Adashi yana da amfani wajen tara abin biyan, amma ba ya shiga rahoton, don haka idan ka sake karɓar wani abu a banki, ka ɗauki kaɗan wanda cinikin wata guda zai iya ɗauka, ka biya kafin ranar ta cika. Ka kuma dakata da tsaya wa kowa a kan rance a wannan tsakanin, ko da ɗan ɗakinku ne, domin idan ya gaza, kai za a nema.