Amsa kan sayen DVD rikoda don juya tsofaffin kaset

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka cewa kana da tarin kaset ɗin bidiyo na gida tun na lokacin mahaifinku, kana so ka sayi DVD rikoda na hannu ka juye su a faifai, kuma ka riƙa ɗaukar shirye-shiryen talabijin da shi, shin ya cancanci a saya a wannan zamanin ko ɓarnar kuɗi ne. Toh ni dai na daɗe ina amfani da shi, amsata ita ce ka saya, amma saboda kaset ɗin nan zaka saya, maganar ɗaukar talabijin kada ka ɗora mata buri sosai, zan faɗa maka dalili a ƙasa.

Abu na farko da nake roƙonka, ka nemi wanda yake da had disk a cikinsa, irin masu 160GB ko 250GB ɗin nan. Wanda ba shi da shi kai tsaye yake rubutawa a kan faifai, kaset na tafiya shi kuma yana ƙonawa, idan wuta ta ɗauke a tsakiya ko kaset ya sarƙe ko ka manta ka bar shi ya ɗauki shuuu ɗin ƙarshen kaset na minti 20, shikenan faifan DVD-R ya tafi a haka tunda sau ɗaya ake rubuta shi. Mai had disk kuwa a ciki zaka fara zubawa, ka zauna da rimot a natse ka yanke inda ba ka so, ka raba shi babi-babi, ka sa masa suna, sannan ka tura faifai da gudu cikin 'yan mintuna ba tare da hoton ya ragu ba. Kuma idan 'yan uwa sun ce kowa na son nasa sai ka yi ta fitar da kwafi daga cikin had disk ɗin, ba sai ka sake wahalar da tsohon kaset ba. Wallahi wannan bambancin kaɗai ya isa ka ƙara kuɗi.

Sai maganar awa nawa faifai ke ɗauka, a nan ne mutane da yawa ke cutar kansu. Faifan DVD na yau da kullum 4.7GB ne, mai hawa biyu 8.5GB. Injin zai ba ka zaɓi, XP awa 1, SP awa 2, LP awa 4, EP awa 6 wasu ma har 8. Faifan bai ƙara girma ba fa, matse hoton ake yi. Mutum sai ya ce ai kaset ɗin dama hotonsa ba kyau, bari na sa a EP na huta da sayen faifai, alhali abin akasin haka ne. Hoton kaset ɗin bidiyo, wato VHS, cike yake da ɗigo-ɗigo da rawa, shi kuma tsarin MPEG-2 da injin ke matse bidiyo da shi bai san cewa wannan datti ne ba, ɗauka yake wani ɓangare ne na hoton yana ta ɓata wuri a kansa, sai ka ga da zarar mutane sun motsa fuskokinsu sun farfashe sun koma 'yan murabba'ai. Injina da yawa ma idan ka wuce awa 2 zuwa 3 rage faɗin hoton suke yi zuwa rabi. Don haka SP zaka tsaya. Idan kaset ɗin E-180 ne mai awa 3 kuma a cike yake, ka raba shi faifai biyu, ko ka duba idan injinka yana da abin da Panasonic ke kira FR, wanda zaka gaya masa tsawon bidiyon shi kuma ya daidaita kwalitin ya cika faifan daidai. Sauran kamfanoni ma wasunsu suna da irinsa da wani sunan.

Faifan kansa kala-kala ne kuma abin na rikita sabon shiga. Akwai DVD-R wanda Pioneer suka fito da shi a 1997, akwai DVD+R na ɓangaren su Philips da Sony da ya zo a 2002, gasa ce ta kamfanoni ta haifar da wannan rabuwar. Injinan baya-bayan nan suna cin duka biyun, tsofaffin farko kuwa wani ɗaya kawai yake karɓa, saboda haka ka duba tambarin da ke jikin tiren kafin ka sayi kwali guda. Masu RW ana gogewa a sake rubutawa kamar sau 1,000, DVD-RAM kuma har wajen sau 100,000 ake cewa yana ɗauka kuma yana ba ka damar fara kallon shiri daga farko alhali bai gama ɗauka ba, sai dai filaya da yawa ba sa karanta shi. Don ajiya DVD-R nake amfani da shi don kusan kowace filaya na buɗe shi. Kuma dan Allah kar ka sayi faifan da ba suna a jikinsa don araha. Faifan da ake ƙonawa a gida wani rini ne a cikinsa da leza ke ƙonawa, ba kamar na kamfani da ake bugawa da inji ba, rinin banza kuwa yana dusashewa, yau ya yi wasa lafiya bayan 'yan shekaru ya fara tsayawa daga wajen ƙarshe. Taiyo Yuden na Japan su ne aka fi yabo amma sun daina yi tun 2015, yanzu idan ka samu Verbatim mai rubutun AZO ka riƙe shi.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe a duk bayanin nan. Idan ka gama ƙona faifai bai gama ba sai ka rufe shi, a cikin menu zaka ga an rubuta Finalize. Kafin ka yi wannan, faifan zai yi wasa a injin da ya ƙona shi lafiya lau, sai ka ɗauka komai ya kammala ka jera shi a kanta, ranar da ka kai shi wata filaya ko kwamfuta sai ta ce babu komai a ciki. Abin da ya fi ciwo shi ne idan injin ya mutu ya bar ka da faifai 30 ko 40 da ba a rufe ba, galibi sai ka nemo injin kamfani ɗaya kafin ka iya rufe su, kuma injinan nan kullum ƙara wuya suke. Na san wanda hakan ta faru da shi bayan ya riga ya zubar da kaset ɗin na asali, har yau abin na damuna idan na tuna. DVD+RW da DVD-RAM ne yawanci ba sa buƙatar rufewa. Ka mayar da shi ɗabi'a, ka ƙona, ka rufe nan take, ka gwada a wata filaya daban, sannan ka rubuta suna da alƙalamin faifai mai taushi. Kar ka manna takarda a kai, tana sa faifai ya karkace yana juyawa.

Wajen haɗa waya ba wani wahala, daga bayan bidiyon kaset inda aka rubuta fita, zuwa shiga na rikoda, ruwan ɗorawa na hoto, ja da fari na sauti. Idan duka biyun suna da ramin wayar S-Video ko SCART ka yi amfani da shi. Idan kana da ƙananan kaset na kyamara irin MiniDV ka nemi rikoda mai ramin DV a gaba, wannan kai tsaye yake ɗauka a dijital. Akwai injin da ya haɗa kaset da DVD a jiki ɗaya, yana da sauƙi sosai danna maɓalli ɗaya ne, amma ni na fi son a rabe, don idan ɓangare ɗaya ya lalace ba ka rasa duka ba, kuma wani kaset ɗin sai ya yi rawa a wannan bidiyon ya zauna daram a wancan. Ka kuma tabbatar tsarin hoton ya zo ɗaya, kaset ɗin PAL ba zai juyu daidai a injin NTSC na Amurka ba.

Su kansu kaset ɗin ka duba su ta tagar kafin ka saka. Idan ka ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce, kar ka saka don zata toshe kan bidiyon ta shafa wa sauran kaset. Masu lafiya ka tura su gaba har ƙarshe ka dawo da su farko sau ɗaya kafin ka fara ɗauka, zaren ya saki. Ka ɓalle ɗan harshen nan na gefe don kar hannu ya kuskure ya danna ɗauka a kan kaset ɗin. Fina-finan kamfani kuwa yawancinsu suna da kariyar hana kwafi ta Macrovision, injin zai ƙi ɗauka, wannan ba lalacewa ya yi ba haka aka ƙera shi. Wani lokaci ma kaset ɗin gida da ya tsufa sosai yakan ruɗe shi ya ɗauka kariya ce ya tsaya, idan haka ta faru ka gwada wani bidiyon.

Maganar talabijin a taƙaice, yawancin tsofaffin nan abin kama tasharsu na analog ne, ƙasashe da dama kuma sun koma dijital, sai dai ka haɗa ta dikoda da wayoyin nan uku, ka bar dikodar a kunne a kan tashar da kake so. Ramin HDMI da zaka gani a baya na fita ne kawai, ba ya ɗauka ta nan, kuma DVD ba ya ɗaukar HD, iyakarsa ɗigon hoto 720 a faɗi da 576 a tsaye a PAL. A babbar talabijin ta yanzu zaka ga laushin hoton. Idan dikodarka na ɗauka a filash ta fi maka sauƙi nesa ba kusa ba.

Ranar sayen ka tafi da faifai sabo a aljihu. Kar ka yarda da an saka fim ya yi wasa, ƙonawa ta fi karatu cin ƙarfin leza, injin da ya gaji zai karanta amma ya kasa rubutawa. Ka ɗauki minti 10 a gaban mai sayarwa, ka rufe faifan, ka ga ya kammala. Ka saurari had disk ɗin ko yana ƙas-ƙas, ka duba fankar baya tana juyawa. Rimot na asali dole ne, don yankewa da sa suna da rufe faifai duk a rimot suke, gaban injin maɓallai kaɗan ne.

Kuma idan ka gama kar ka tsaya a faifai. Ka saka shi a kwamfuta, zaka ga folda mai suna VIDEO_TS, ka kwafe ta gaba ɗaya zuwa had disk na waje, in da hali wuri biyu, manhajar VLC na buɗe ta ba matsala. Kaset ɗin asali ma ka ajiye su a tsaye a wuri mai sanyi marar danshi, kar ka zubar. Kuma ka hanzarta, Funai da suka rage suna ƙera bidiyon kaset sun daina tun 2016, wanda zai kunna maka kaset ɗin shi ne zai fara gagarar samu kafin rikodar. Ka fara da kaset ɗin da suka fi tsufa da waɗanda muryar mahaifinku take ciki, Allah ya jiƙansa. Idan ka samu injin ka turo lambar modal ɗinsa a nan mu duba maka irin faifan da yake ci kafin ka biya.