Me Ya Sa Muke Sare Kwalta Mai Lafiya Kafin Mu Yi Faci?

Jiya muna tsakar aiki a filin ajiye motocin nan ka ce mini, "Maigida, ramin nan bai fi faifai ba, don me ka sa na sara har faɗin tabarma? Ba asarar kaya ba ce?" Na ce ka bari mu tashi, don kwaltar tana hucewa a baro, ita kuwa ba ta jiran hira. To yau ga shayi bisa wuta, zauna ka ji.

Ɗana, ramin da ka gani baki ne kawai, ciwon yana ciki. Kwaltar filin nan kaurinta bai wuce santimita 4 ko 5 ba, yatsu uku ke nan. Ba ita ke ɗaukar mota ba. Jar marmarar da aka daɓe a ƙarƙashi ita ke ɗauka, kwalta riga ce aka sa mata don kada ruwa ya taɓa ta.

Mu kuwa a nan Tawa ta Nijar rigar nan ba ta samun hutu. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, baƙar kwalta ta sha rana har ta haura 60, kai ma ka ji yadda take kama takalminka na roba. Shekara da shekaru rana tana gasa ta, ta dushe, ta bushe kamar tsohuwar fata. Hunturu ya zo, dare sanyi rana zafi, ta takure ta miƙe har ta tsage. Sai damina ta faɗi, a Agusta ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya bi tsagar ya jiƙa marmara. Mota ta hau, ƙasa ta lotsa, kwalta ta farfashe ƙanana-ƙanana kamar bayan kada. Duk inda ka ga bayan kadan nan, ƙasan ya riga ya mutu, ko da rami bai buɗe ba tukuna.

Shi ya sa na ba ka guduma na ce ka bi gefen ramin kana ƙwanƙwasawa. Inda ta ce ƙau, da lafiya. Inda ta amsa kamar ganga, akwai kogo. Sai mun wuce iyakar kogon da kamar taki ɗaya muke jan alli, kusurwa huɗu, mu sara bakin a tsaye cak kamar bango. In ka bar bakin a kwance, facin zai yi siriri a gefe, taya ta ɓamɓare shi kamar ƙanzo a tukunya.

Ni ma ba da wayona na gane ba. Ina saurayi na yi wa wani ɗan kasuwa faci a ƙofar shagonsa ana gab da damina. Ban sara ba, ban tono ba, na zuba kwalta a kan ƙura na daddanna, ta yi baƙi wuluk gwanin sha'awa, ya biya ni har da tukuici. Ruwa na uku motar albasa daga Galmi ta ja baya a kai, facin ya tashi ɗungurungum kamar waina. Da kuɗina na sake aikin, kuma na yi wata guda ina zagaye layin nan.

Bayan sara sai tono. Duk ƙasar da ta jiƙe ko ta yi laushi fitar da ita, sai diga ta fara gardama. Sabuwar marmara kuma ba a juye ta gaba ɗaya. Zuba santimita 10 zuwa 15, ka yayyafa ruwa, ka daɓe, sannan ka ƙara. Gwajin ruwan a tafin hannunka yake: damƙi ƙasar. In ta dunƙule ba ta ɓata maka hannu ba, ta yi. In ta warwatse tana son ruwa, in ta tsattsafo ka cika. Kakarka ta san wannan tun tana daɓen ɗaki da madaɓi da makuba, injin da muke haya sauri kawai ya fi ta.

Sai shara, aikin da yara kuke rainawa. Kwalta ba ta kama ƙura. Share har sai ka shafa hannu bai yi ja ba, sannan ka shafa ruwan kwalta, wato kwaltar da aka dama da ruwa, a ƙasa da bangon ramin duka. Yana fitowa ruwan ƙasa-ƙasa ne, jira sai ya juye baƙi. Kafin nan ruwan da ke cikinsa bai fita ba.

Haɗin kwalta da tsakuwa yakan iso da zafin digiri 150 ko kusa da haka, kuma in ya sauka ƙasa da 90 daɓe ya zama wahalar banza. Dalilin da na katse ka jiya ke nan. In kana son santimita 4, zuba 5, don zai kwanta. Fara daɓe daga gefe ka nufi tsakiya. Da ka gama, ɗora miƙaƙƙen katako a kai: gara faci ya ɗara filin da ɗan kaɗan da ya zama kwano.

Af, na ga kana shafa wa shebur gazuwal, wato man dizal, don kada kwalta ta manne. Daina. Gazuwal narkar da kwalta yake yi, ruwan sabulu ya isa. Don haka ne ma inda manyan motoci ke kwana suna ɗigar mai, ko suke tsayawa da kaya cikin rana har taya ta yi gurbi, nakan gaya wa mai wuri gaskiya: nan ba wurin kwalta ba ne, a kawo simintin Malbaza a zuba kankare. Wasu sukan ji, wasu su nemi wani. In kuma an aike ka sayen duron kwalta, duba lambar da ke jikinsa. Ƙaramar lamba ita ce mai tauri: 35/50 ko 50/70 suna jure ranarmu, 80/100 da wuri take laushi.

Gobe ka zo da tsintsiya da bokiti biyu. Za mu zuba ruwa a facin jiya mu ga inda ya nufa. Gangaren santimita 2 a kowace mita muke so, zuwa magudana. Sannan doguwar tsagar nan ta gindin katanga, ka ƙwaƙule rairayin da ke ciki tas, mu ɗura mata kwalta kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas.