Fankar kwamfutata ta hana ni ɗaukar murya, wacce zan saya?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Daga Garwa nake, ina da ɗan situdiyo inda nake ɗaukar muryar masu wa'azi da 'yan talla. Kwamfutar tebur ce, amma fankar ciki sai ihu take kamar injin markaɗe, har a cikin rikodin ana jin ta. Wace fanka zan saya wadda ba ta ƙara?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Kafin ka zaro ko sefa ɗaya, kashe kwamfutar ka buɗe murfin gefe ka leƙa tukuna. Mu nan arewa ƙurar hunturu ce ke cin injinanmu, kwanaki aka kawo min wata daga Marwa na tarar ƙura ta danƙare a haƙoran ƙarfen sanyaya da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kamar audugar tsohuwar katifa, iska ba ta samun hanya, to dole fanka ta yi ta gudu iya ƙarfinta. Na hure ta tas, na goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen na shafa sabo, ƙarar ta kwanta ba a sayi komai ba. In za ka hura ka danne fukafukan da yatsa kar su yi ta juyawa.

In ka yi haka ba ta daina ba, to fankar ce ta gaji. Saurara da kyau. In kana jin gurnani ko ƙar-ƙar-ƙar, boris ɗinta, wato abin da take juyawa a kansa, shi ne ya mutu. Yawancin fankoki masu araha bushin ne kawai da ɗan mai a ciki, kuma zafinmu yana busar da man nan da wuri. Nemi wadda aka rubuta FDB a kwalinta, wato mai boris ɗin da ke juyawa a kan mai da aka rufe a ciki, ta fi shiru kuma ta fi daɗewa. Mai ƙwallayen ƙarfe tana jure zafi sosai amma tana da 'yar ƙara, ga mai situdiyo ban cika son ta ba.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne girma. Ƙaramar fanka mai milimita 80 sai ta yi gudu kamar za ta tashi sama kafin ta tura iskar da mai 120 ko 140 za ta tura tana tafiyar hawainiya, kuma gudun nan shi ne ƙarar. Don haka auna ramukan kusoshin fanka a akwatin kwamfutarka, ka sa mafi girman da zai shiga. Duba lambar dBA, wato awon ƙara, a kwali, kusa da 20 ta yi, ƙarin 10 a lambar nan kunne yana jin sa kamar ninki biyu, sai dai kar ka gaskata kwali ɗari bisa ɗari, kowane kamfani da yadda yake awonsa. Sannan ta zama mai fil 4, wato PWM, in babban allon cikin kwamfutarka, wato madabod, yana da wurinta, ita ce za ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka ce ta rage gudu in injin bai yi zafi ba. Noctua ta Ostiriya da be quiet! ta Jamus sun yi suna a nan amma akwai tsada, Arctic P12 ta fi sauƙin kuɗi kuma ni ita na fi sa wa mutane. In ta zo da robobin ɗaurawa yi amfani da su maimakon kusoshi, suna hana akwatin rawa.

Amma fa kar son shiru ya sa ka shaƙe injin, ka san Garwa a watan Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40. Bayan ka rage gudun, buɗe aikinka mai nauyi ka duba zafin furosesa, in yana wuce digiri 80 ƙara wa fankar gudu. Kuma sauke akwatin ƙasan tebur nesa da makirufo, amma a kan ɗan katako, ba a kan siminti inda ƙura take ba.