Mai kamfani ya rage hannun jarinsa, in sayar da nawa?

Tambaya: Malam, ina da hannun jari a wani ƙaramin kamfani da ke kasuwar hannun jari ta Legas. Wanda ya kafa shi ya sauko daga kashi 62 zuwa 55 cikin ɗari. A zauren WhatsApp ɗinmu an ce jirgi ya fara nitsewa, kowa ya yi ta kansa. Kuɗin sallamata daga aiki ne a ciki, ko barci ba na iya yi.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, ka nemo sanarwar da kamfanin ya aika wa NGX, wato kasuwar hannun jarin ta Legas. Sayarwa ya yi, ko sababbin hannayen jari aka fitar, kasonsa ya ragu alhali ko ɗaya bai saki ba? In na biyun ne, bincika inda kuɗin za su shiga. In sayarwa ce ma, mutum kan sayar don biyan bashi, rabon gado ko gini. Binciken masana Lakonishok da Lee na 2001 a kasuwar Amurka ya nuna sayen da masu kamfani ke yi ya fi sayarwarsu nuna alkiblar farashi, musamman a ƙananan kamfanoni. Abin tsoro shi ne sayarwa a kai a kai, dab da fitar da rahoton kuɗi, ko a ce banki ne ya sayar da hannun jarin da ya jinginar.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne karatun da masu zaurukan nan suka cusa wa mutane, wai gwargwadon yawan kason mai kamfani, gwargwadon amincin kuɗinka. Wa ya ce? Tun 1988 masana Morck, Shleifer da Vishny suka ga darajar kamfani tana hawa har kason shugabanni ya kai kashi 5, daga nan zuwa 25 sai ta yi ƙasa, sannan ta ɗan farfaɗo. Manyan kamfanonin Amurka ne suka duba, amma dalilin bai canza ba: wanda ba a iya tsige shi, ba ya jin kowa. Mai kashi 80 zai naɗa surukinsa darakta, ya ba kamfanin ƙaninsa kwangila, ya hana rabon riba shekara uku, ku kuwa a taron shekara sai lemo da ɗaga hannu. Yana iya ma neman saye naku, ya fitar da kamfanin daga kasuwa. Ga kuma ƙarancin abin da ke yawo a hannun jama'a: ka zo sayarwa, sati guda babu mai saye. Shi ya sa NGX ta ɗora sharaɗin kashi 20 a hannun jama'a a babban rukuninta. Amma mai "sigina", wato mai gaya muku ku saya ko ku sayar, da ke karɓar kuɗin wata-wata a wurinku bai taɓa buɗe rahoton shekara ba, sai hoton kibiya kore da ja.

A kashi 55 mutuminka yana nan riƙe da ragama. Duba wanda ya sayi kashi 7 ɗin nan, sannan ka buɗe shafin hulɗa da makusanta, wato cinikin da kamfanin ya yi da shugabanninsa da danginsu, a rahoton bara.